Daga Bayan Kanta Zuwa Gaban Alƙali: Ƙarar Neman Haƙƙi a Arewacin Zamfara

A ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda rikicin 'yan bindiga ya shafe fiye da shekara goma yana cin rayuka da dukiya, kukan da ya fi yawa a bakin jama'a game da jami'an tsaro shi ne ƙarancinsu, domin ƙauyuka da dama suna kwana suna tashi ba su ga ɗan sanda ko ɗaya ba. Sai dai akwai kuka na biyu da ba a cika ɗaga murya a kansa ba, wato abin da ke samun mutum bayan an kama shi an kai shi bayan kanta, musamman a yanayin da zargin zama infoma, ma'ana mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ko zargin sayar musu da fetur da abinci, ya isa a tsare mutum kwana da kwanaki. Dokar Najeriya ta ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, da wanda aka azabtar, da iyalin wanda ya mutu a hannun hukuma, damar kai ƙara gaban babbar kotu domin neman diyya, kuma yankin da zalunci marar magani ya taimaka wajen jefa shi cikin yaƙi ya fi kowane yanki bukatar sanin wannan hanya da abin da ke toshe ta.

Ƙarar neman haƙƙi da shari'ar laifi

Idan ɗan sanda ya doki wanda yake tsare da shi har ya karya masa hannu, doka tana kallon aikin ta fuska biyu. Fuska ta farko ita ce ta laifi, inda hukuma ce ke gurfanar da jami'in, ana bukatar hujjar da ba ta bar kokwanto mai ma'ana ba, kuma sakamakon shi ne ɗauri ko tara ko kisa. Matsalar wannan hanya ita ce binciken laifi yana hannun 'yan sandan kansu, shi ya sa da wuya ta kai ga hukunci, kamar yadda shari'ar matasa shida da aka kashe a unguwar Apo ta Abuja a watan Yunin 2005 ta nuna, domin sai a watan Maris na 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, bayan kusan shekara 12. Fuska ta biyu ita ce ƙarar neman haƙƙi, inda wanda aka zalunta ne da kansa yake shigar da ƙara ba tare da jiran izinin kowace hukuma ba, alƙali yana auna hujjojin ɓangarorin biyu ya bi wanda ya rinjaya, kuma abin da ake samu shi ne umarnin a saki wanda ake tsare da shi, da bayanin kotu cewa an keta haƙƙinsa, da diyya, da neman afuwa. Bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba ya hana bin ɗayar.

Abin da kundin tsarin mulki ya tanada

Tushen irin wannan ƙara shi ne babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 33 ya kare rai, sashe na 34 ya kare mutuncin ɗan Adam ya kuma haramta azabtarwa da wulaƙanci, shi kuwa sashe na 35 ya yi bayani dalla-dalla a kan kamu da tsarewa. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani mutum da ya zaɓa, dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, kuma dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan babu, sai dai in kotu ta ga akwai uzurin ƙarin lokaci. Sashen ya ƙara da cewa duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba ya cancanci diyya da neman afuwa a bainar jama'a daga hukumar ko mutumin da ya aikata.

Akwai togaciya guda da ta shafi Zamfara kai tsaye, wato ƙa'idar wa'adin kai mutum kotu ba ta aiki yadda take idan ana zarginsa, bisa dalili mai ƙarfi, da laifin da hukuncinsa kisa ne. A watan Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga fashin daji da garkuwa da mutane da satar shanu da zama infoma, wanda ke nufin cewa mafi yawan zarge-zargen da ake kama mutane a kansu a Zurmi da Shinkafi suna iya faɗawa cikin wannan togaciya. Duk da haka togaciyar ta rataya ne a kan samun dalili mai ƙarfi, kuma kotu tana da ikon tambayar 'yan sanda su nuna dalilin, domin tsegumin maƙwabci ko ƙiyayyar abokin rigimar gona ba su isa hujja ba. Haramcin azabtarwa kuwa ba shi da togaciya ko kaɗan, har a lokacin dokar ta-ɓaci. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta jaddada haka, inda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da mutum, ta ɗauki azabtarwar da ta kai ga mutuwa a matsayin kisan kai, ta kuma bayyana cewa umarnin na gaba ba uzuri ba ne.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun taɓo wasu ɗabi'u biyu da talakawa suka daɗe da ɗauka tamkar halal ne. Na farko shi ne kamun musanya, wato a kama uba ko mata ko ƙane saboda an rasa wanda ake nema, abin da dokokin biyu suka haramta ƙarara. Na biyu shi ne shigar 'yan sanda cikin rigimar bashi ko saɓa alkawarin ciniki, wanda aikin kotu ne, ba na ofishin 'yan sanda ba. Haka nan dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin laifi da aka samu ta hanyar matsi ko duka, kuma idan wanda ake tuhuma ya ce tilasta masa aka yi, nauyin tabbatar da cewa da son ransa ya yi magana yana kan masu gabatar da ƙara.

Yadda ake shigar da ƙarar

Sashe na 46 na kundin ya ba babbar kotu hurumin sauraron waɗannan ƙararraki, ko ta jiha ko ta tarayya, kuma wannan batu ne da ya kamata a fahimta a jihar da tun watan Janairun 2000 jama'a suka saba kai kokensu kotun shari'ar Musulunci, domin kotun shari'a da kotun majistare ba su da hurumin wannan nau'in ƙara. A shekarar 2009 Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi, ya fitar da sababbin ƙa'idojin tilasta kare haƙƙi waɗanda suka maye gurbin na 1979, suka kuma kawar da shingaye uku. Ba a bukatar neman izinin kotu kafin shigar da ƙara, babu wa'adin da idan ya wuce ƙarar ta faɗi, sannan ɗan'uwa ko ƙungiya ko lauya mai kishin jama'a suna iya shigar da ƙara a madadin wanda yake tsare ko ba shi da hali.

Shari'ar tana gudana ne a kan takardar rantsuwa, wato bayanin abin da ya faru da mai ƙara ko wanda ya san lamarin ya rubuta ya rantse a kansa, tare da hujjar lauya a rubuce, kuma waɗanda ake ƙara suna da 'yan kwanaki kaɗan su mayar da martani. Galibi ana haɗa jami'in da ya aikata da baturen 'yan sandan yankin da kwamishina da Sufeto-Janar a cikin ƙara ɗaya, saboda ƙa'idar da ta ɗora wa hukuma alhakin abin da ma'aikacinta ya yi a bakin aiki. Da zarar mai ƙara ya tabbatar an kama shi an tsare shi, nauyin nuna halaccin tsarewar yana komawa kan 'yan sanda. Saboda shari'a ce ta takarda, abin da dangi suka adana a kwanakin farko shi ne ke yanke makomarta: ranar kamu da lokacinsa, sunan ofishin, sunayen waɗanda suka gani, hoton raunuka kafin su warke, takardar likita, da shaidar duk kuɗin da aka karɓa da sunan beli, wanda a doka kyauta ne.

Hukunce-hukuncen da suka share hanya

A shekarar 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Jim-Jaja da kwamishinan 'yan sandan jihar Ribas, wadda ta samo asali daga rigimar bashi, inda ta bayyana cewa da zarar an tabbatar da tsarewa ba bisa doka ba, diyya ta wajaba ko da mai ƙara bai faɗi adadin da yake nema ba, ta kuma ba shi naira miliyan 2. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Dilly da Sufeto-Janar, ta amince cewa uwa tana iya neman haƙƙin ran ɗanta da ya mutu a hannun 'yan sanda, abin da ya rushe tsohon tunanin cewa haƙƙi yana mutuwa tare da mai shi.

A Arewa, misalin da ya fi fice shi ne na Baba Fugu Mohammed, surukin Mohammed Yusuf jagoran Boko Haram, dattijon da ya kai kansa wurin 'yan sanda a Maiduguri a ƙarshen Yulin 2009 aka kuma kashe shi a hannunsu. Iyalinsa sun kai ƙara, babbar kotun jihar Borno ta ba su diyyar naira miliyan 100 a watan Afrilun 2010, gwamnatin Kashim Shettima kuma ta biya a watan Janairun 2012. Kisan Mohammed Yusuf kansa a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yulin 2009, ba tare da shari'a ba, yana cikin abubuwan da mabiyansa suka riƙe hujjar ɗaukar fansa, kuma yankin tafkin Chadi yana biyan kuɗin wannan kisa har yau. Wani misalin shi ne na mutum takwas, akasarinsu 'yan Arewa masu tuƙa keke-napep, da sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka kashe a wani kango a Apo ranar 20 ga Satumbar 2013. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda gyaran dokarta na 2010 ya ba ta ikon yanke diyya, ta ba da umarnin biyan naira miliyan 135 a 2014, miliyan 10 ga iyalin kowane mamaci da miliyan 5 ga kowanne daga cikin mutum 11 da suka ji rauni, amma sai a 2018 gwamnatin tarayya ta biya.

Hukunci a takarda da kuɗi a hannu

Tazarar da ke tsakanin ranar hukunci da ranar biya ita ce babban raunin wannan tsari. Idan hukuma ta ƙi biya, hanyar da doka ta tanada ita ce mai ƙara ya nemi kotu ta umarci bankin da ke riƙe da kuɗin hukumar ya cire diyyar daga asusunta. Amma sashe na 84 na dokar zartar da hukunce-hukuncen kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni-Janar, wanda sau da yawa shi ne lauyan ɓangaren da aka kayar, kuma tun da aka tattara kuɗaɗen hukumomin tarayya a asusun bai-ɗaya na Babban Bankin Najeriya a 2015, masu neman diyya sukan tsinci kansu cikin sabuwar shari'a da bankin. A watan Disambar 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na babbar kotun tarayya da ke Abuja ya ba da umarnin a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45 tare da diyyar naira miliyan 50, amma ba su fita ba sai a Yulin 2021, bayan da babbar kotun Kaduna ta sallame su. Idan haka ta faru da mutumin da duniya ta san da zamansa, ba wuya a gane dalilin da zai sa manomi a Moriki ko Badarawa ya ga cewa zuwa kotu ɓata lokaci ne. Ƙari a kan haka, diyyar da aka biya daga baitulmali ba ta taɓa aljihun jami'in da ya yi aika-aikar, shi ya sa ba ta zama horo gare shi sai idan Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta bi hukuncin da ladabtarwa.

Shingayen da suka keɓanci arewacin Zamfara

Shinge na farko shi ne nisa da haɗarin hanya. Lauyoyi da ofisoshin hukumomin kare haƙƙi da babbar kotun tarayya sun taru ne a Gusau, wadda ke da tazarar kimanin kilomita 60 daga Ƙaura Namoda da fiye da kilomita 100 daga Shinkafi, ɗaukaka ƙara kuma sai an je Sakkwato, alhali hanyoyin da suka tashi daga Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi tarewa. Lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar a watan Satumbar 2021, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da fetur, sababbin dalilan kamu sun ƙaru a daidai lokacin da dangin wanda aka kama ba su da hanyar kiran lauya. Shinge na biyu shi ne tsoro, domin wanda ya yi ƙarar ofishin 'yan sanda ɗaya tilo da ke garinsu ya san gobe can zai koma idan an sace masa ɗa. Na uku shi ne yawan masu kamu: ban da 'yan sanda akwai sojoji, akwai 'yan sa-kai, akwai kuma Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024. Askarawa hukuma ce ta jiha, saboda haka gwamnatin jiha tana iya amsa ƙara a kan ayyukansu, su kuwa 'yan sa-kai da babu dokar da ta kafa su, neman haƙƙi a kansu ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Damar da wasu jihohi suka samu ma ta wuce Zamfara. Bayan zanga-zangar Oktoban 2020 da ta kai ga rushe rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga watan, yawancin jihohi sun kafa kwamitocin shari'a domin sauraron koken waɗanda 'yan sanda suka zalunta, na Legas kaɗai ya raba diyyar da ta haura naira miliyan 400, amma Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Kano suna cikin jihohin da ba su kafa ba. Da yawa a Arewa sun ɗauki batun a matsayin rigimar Kudu, alhali duka da kamun musanya da kuɗin beli ba su san iyakar jiha ba.

Dalilin da ya sa lamarin ya shafi zaman lafiya

Kwamitin da tsohon Sufeto-Janar Mohammed Dahiru Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙidaya zawarawa 4,983 da marayu 25,050 da 'yan gudun hijira fiye da 190,000 da rikicin Zamfara ya haifar daga 2011. Masu nazarin rikicin, irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun nuna cewa daga cikin tushensa akwai tatsar makiyaya a ofisoshin 'yan sanda da kotuna da fadojin hakimai, da kisan gilla da 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba tare da an hukunta kowa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke wanke ɗan bindigar da ya ƙona gari ko ya sace mata da yara, kuma 'yan sandan da ke aiki a waɗannan garuruwa da ƙarancin makamai da albashi suna rasa rayukansu a bakin aiki. Amma jami'in da ya azabtar da marar laifi yana cutar da abokan aikinsa ne, domin ƙauyen da aka dawo masa da ɗansa a karye ba zai sake kai wa hukuma labarin motsin 'yan bindiga ba.

Kai ƙarar mai mulki ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Namoda da sauran Alibawa suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shehu ya lissafa ɗauri da ƙwace da cin hancin alƙalai cikin laifukan sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙi, fiƙihun Musulunci ya san zaman mazalim, wato zaman da shugaba ke yi domin sauraron koken talakawa a kan ma'aikatansa, kuma asalin hukunci a mazhabar Malikiyya shi ne iƙirarin wanda aka tilasta ba ya zama hujja. Mutumin da ya ce ya bar wa Allah yana da ladan haƙurinsa, sai dai shirunsa yana barin na bayansa cikin haɗarin da ya faɗa.

Abin da ake bukata domin hanyar ta yi aiki a arewacin Zamfara sananne ne, kuma yawancinsa doka ta riga ta tanada. Dokar 2015 ta wajabta wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane kowane wata, dokar 2020 ta bukaci a sa lauya a kowane babban ofishin 'yan sanda, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa a 1976 tana da alhakin tsaya wa marasa hali kyauta, kuma ƙa'idojin 2009 sun ba reshen ƙungiyar lauyoyi na Gusau da ƙungiyoyin al'umma damar shigar da ƙara a madadin wanda tsoro ko talauci ya rufe wa baki. Abin da ya rage shi ne Majalisar Tarayya ta cire sharaɗin amincewar Antoni-Janar daga diyyar keta haƙƙi, a ware kuɗin biyanta a kasafin kowace shekara, a kuma sa jami'in da kotu ta samu da laifi ya ɗauki wani kaso na nauyin. Gwamnatin da ke neman mutanen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda su guji ɗaukar doka a hannunsu tana da wajibin nuna musu cewa ita ma tana bin hukuncin kotu idan aka yanke shi a kanta.